Kunun Yara da Tuwon Tsofaffi

Shekarar da aka kwashi mazan ƙauyenmu zuwa haƙar kuza, ina da 'ya ɗaya mai shekara uku, ga kuma ciki wata shida. Ƙauyen namu ƙarami ne, tsakanin Likoro da Kudan, a gefen wata fadama da ake noman rake. Ba a tambayi kowa ko yana son tafiya ba. An ce ana yaƙi a can ƙasashen Turawa, ana bukatar kuza, don haka kowane gari sai ya ba da mutane. Ɗiban gwamna, haka muke kiran abin. Mai unguwa ya bi gida-gida kansa a sunkuye, aka tara su a ƙofar masallaci, suka kama hanya a ƙasa zuwa inda za su shiga jirgin ƙasa. Maigidana ya tafi ya bar gona an yi shuka, ko noman fari ba a yi ba. Bayan tafiyarsa da wata uku na haifi ɗa namiji.

Waɗanda suka rage a gari sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Aka yi gayya aka nome gonakin waɗanda aka tafi da su, tawa har da maimai. Amma hannu ya yi kaɗan, ga shi ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bukatarsa, dawa ta tsaya ba ta cika ido ba. Abin da na samu bai kai rabin rumbu ba. Da rani wasu daga cikin mazan suka dawo a rame, suna tari. Maigidana ba ya cikinsu. Suka ce sun baro shi kwance a ɗakin marasa lafiya, sanyin duwatsun can ya kama masa ƙirji, ba su san abin da ya biyo baya ba. Da ruwa ya sake sauka kuma aka sake ɗiban wasu.

Yunwar damina ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowace shekara akwai 'yan makonni tsakanin ƙarewar tsohon hatsi da nunar sabon gero, a ɗaure ciki a haɗa da ganye a wuce. Ta wannan shekara da wuri ta zo. Gero bai kai gwiwa ba aka fara jin labarin gidajen da ba a ɗora tukunya. Mata suka shiga daji suna yagar tafasa da yaɗiya, a dafa da ɗan gishiri, wata rana ma babu gishirin. Dusar da muke ba awaki ta koma ta mutane. Ni na share ƙasan rumbuna da tsintsiya, na sheƙe abin da na samu, ya kai mu kwana huɗu.

Limaminmu tsoho ne siriri mai ɗingishi. Shi da mai unguwa suka zagaya wurin 'yan tsirarun da ke da sauran hatsi: mai injin mazarƙwaila, da wasu manoma biyu masu manyan gandaye, da wani ɗan garinmu da ke fatauci a kasuwar Makarfi. Kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, aka zuba a wani rumbu bayan gidan liman. Ardon Fulanin da ke zaune ƙetaren fadama ya yi alkawarin ƙwaryar nono duk bayan kwana biyu. Wasu suka ce a raba hatsin gida-gida kowa ya san yadda zai yi. Liman ya ƙi. Ya ce hatsi in ya shiga gida babba ke fara ci, amma kunu a ludayi ana ganin bakin da ya shiga. Aka tsaya a kan za a riƙa dama kunu da safe don ƙananan yara da masu goyo, da yamma kuma a yi tuwo a kai wa tsofaffin da ba su da mai ba su.

Ni aka ɗora wa aikin. Uwar mijina, kafin rasuwarta, tuwo take sayarwa ranar kasuwa, ta bar manyan tukwane biyu a madafina. Gidana kuma ba namiji, mata da yara za su shiga su fita ba tare da sallama ba. Sannan kowa ya san ba ni da komai, don haka abin da ni da 'yata za mu ci daga tukunyar shi ne ladan wahalata. Da liman ya aiko mini da saƙon ban yi wani dogon tunani ba. Na ji daɗi ne kawai cewa 'yata za ta kwana da abu a cikinta.

Kullum da sassafe liman yakan buɗe rumbun da kansa ya auno na ranar. Mata biyu-biyu suke zuwa bi da bi su yi surfe da niƙa. Kafin hantsi tsakar gidana ta cika da yara, kowa da ɗan ƙoƙonsa, wasu a goye, wasu yayyensu sun jawo su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirunsu. Yara kusan talatin a wuri ɗaya, amma ba ka jin guje-guje ko faɗa, sai dai idanu suna bin ludayi daga tukunya zuwa ƙoƙo. Da la'asar in tuƙa tuwo mai laushi, ko in yi faten tsaki da rama ranar da hatsin bai isa ba, in zuba a akussa in ɗora a faifai in bi gidajen tsofaffin. Su bakwai ne, maza huɗu, mata uku. Akwai wani makaho da ya yi ƙira a ƙuruciyarsa, yakan gane takuna tun daga nesa ya fara sa mini albarka kafin in yi sallama.

A cikin matan akwai ungozomar garinmu, wadda kowa ke kira Iya. Rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka faɗo, har da maigidana da 'ya'yana biyu. Ɗanta ɗaya ne a duniya, shi ma ya rasu da daɗewa. A lokacin gwiwoyinta sun ƙi, idonta kuma ya yi hazo, ba ta iya zuwa ko bakin rijiya. Ranar farko da na kai mata akushi, ta shinshina ta tambayi daga ina. Na faɗa mata.

"'Yar nan, ɗauki abinki," ta ce. "Hannun nan shi ya yanke wa mijinki cibiya. Ban kai lokacin da za a ajiye mini sadaka a bakin ƙofa ba."

Kwana uku ina kaiwa ina dawowa da shi. Na san ba ta da komai a ɗakin sai 'yar busasshiyar kuka da kanwa. Na gaya wa liman, ya ce haka take tun suna yara, ba mai tanƙwara ta. A daidai lokacin kuma wata matsala ta taso. Tun da maza ba sa nan, mata ne ke zuwa gona da daji, kuma ba su da inda za su bar yaran da aka yaye da masu rarrafe. Wata ta bar ɗanta da yayarsa mai shekara biyar, ta dawo ta tarar ya faɗa cikin toka mai zafi. Sai na koma wurin Iya na durƙusa na ce mata aiki na kawo, ba sadaka ba. Na ce mata za su riƙa kawo mata yara da safe bayan kunu su ɗauka da la'asar, abincin yamma kuwa shi ne ladanta, kamar yadda nawa yake ladana. Ta ja carbinta, sannan ta ce a share gindin tsamiyar da ke tsakar gidanta, a kawo tabarmi, kuma duk wadda ta kawo mata ɗa ba a wanke masa ido ba ta koma da abinta.

Haka gidan Iya ya zama gidan yara. Ba ta gani sosai, amma ta san kowa da kukansa. Takan jawo yaro ta shafa kansa, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa ta ji ko wurin ya lotsa. In ya lotsa sai ta aiko mini cewa ɗan gidan wane ya fara kumburi, a ƙara masa nono a kununsa. In ruwa ya sauko ta tura su cikin ɗakinta su cushe kamar 'yan tsaki, ita ta zauna a bakin ƙofa. Mata da yawa sun sha faɗanta. Amma tun da aka fara, ba yaron da ya sake ƙonewa ko ya ɓata.

Nawa ɗan ma a wurinta yake wuni, saboda zafin murhu da hayaƙi. Yana wata goma a lokacin, ya fitar da haƙora biyu, yana rarrafe da gwiwa ɗaya yana jan ɗayar. Ya fi son cinyarta da ta kowa. Yakan kama carbinta ya kai baki, ita kuma tana yi masa faɗa kamar babban mutum. Nakan zo tsakanin aiki in ba shi nono in koma.

Muna cikin marka, ruwa ba ya tsayawa kwana da kwanaki, sai liman ya aiko kirana bayan azahar. Na tarar da shi a zaure da mai unguwa da makahon maƙerin nan. Na durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa. Liman ya ce ɗan garinmu na Makarfi ya aiko cewa hatsi ya ɓace a kasuwa, ko da kuɗinka ba ka samu. Ya ce ya duba rumbu, ya duba gero a gona, ya ga saura wajen wata guda kafin a fara samun tumu. Abin da ya rage ba zai ɗauki kunu da tuwo har zuwa lokacin ba. Ɗaya ne zai kai.

Ba wanda ya so ya faɗi sauran maganar. Makahon ne ya faɗa. Ya ce su sun ci nasu a duniya, a bar wa yara, kuma shi ya roƙi a zo da shi don kada a ce an yanke a bayan idonsu. Aka tsaya a kan a daina tuwon yamma. Za a roƙi maƙwabta kowa ya riƙa tunawa da tsohon da ke kusa da shi, ko da ruwan ganye ne. Ni kuma, saboda ina shayarwa, za a riƙa auna mini ɗan tsaki ni da 'yata. Liman ya ce shi zai gaya wa mazan, ni in gaya wa matan.

Na gaya wa biyu. Ɗaya ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ɗayar ta juya fuskarta bango. Da na isa ƙofar Iya na tarar tana zaune da ɗana a cinyarta, yara huɗu suna barci a jikinta. Na gaishe ta, na ba yaron nono, na tashi na tafi ban faɗa ba.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa. Da zan ce tausayi ne kawai, da na yi ƙarya. Akwai tausayi, amma akwai kunya da tsoro. Ni na ce mata lada ne. Yaya zan dubi tsohuwar da ke wuni da 'ya'yan mutane in ce aikin yana nan amma ladan ya ƙare? Kuma na san halinta, ina tsoron ta ce ashe dama sadaka ce, a kwashe yaran. Sai na ce a raina wata guda ne, zan iya. Da yamma na dafa ɗan tsakin da aka auna mini da rama, na raba biyu, na ba 'yata nata, nawa na zuba a akushin Iya na kai mata kamar kullum. Ta ce yau faten ya yi kaɗan. Na ce hatsi ne ya ja baya. Ta ci ta suɗe hannu.

Kwana goma sha uku na yi a haka. Abincina shi ne abin da na kankare a gindin tukunyar kunu, da dafaffen ganye. Kwanakin farko ban ji komai ba sai jiri in na miƙe daga bakin murhu. Daga baya na lura yaron yana daɗewa a nono, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa ya cije ni. Na fara ɗura masa kunu don ya ƙoshi. Kunun bai karɓe shi ba, zawo ya kama shi. Na ce haƙori ne. Na gaya wa Iya haƙori ne, ita ma da farko ta yarda, ta sa aka jiƙa masa saiwa. Ya daina rarrafe. Kukansa ya koma ƙarami, kamar na ɗan akuya daga nesa.

Ran na goma sha huɗu ɗaya daga cikin tsofaffin matan nan ta dogara sanda ta je gidan Iya neman kanwa. A cikin hira ta ce wa Iya ai ita kam ta ji daɗi, har yanzu ana kawo mata abinci, su kuwa an daina. Da na zo da akushi da yamma na tarar an kwashe yaran duka, saura nawa a cinyarta. Ta ce in zauna. Ta kama hannuna ta ɗora a maɗigar yaron, na ji ta faɗa ciki. Sannan ba tare da ta tambaye ni ba ta kai hannu ƙirjina ta matsa.

"Tun yaushe aka daina tuwon tsofaffi?" ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"Kwana nawa na yi ina cin nonon yaron nan?"

Na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, ni kuwa da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tura mini akushin ta ce in cinye a gabanta. Ina ci ina kuka, tana saurare har ta ji na kankare gindin. Sannan ta ce wannan ya wuce saiwa, gobe in kai shi ɗakin magani a Makarfi, yara kuma a ci gaba da kawo mata, ba ta ce a fasa ba.

Mai unguwa ya ba ni aron jakinsa, wani dattijo maƙwabcinmu ya raka ni, wata mata ta karɓi kunun ranar. Hanya duk taɓo, rafi biyu muka ƙetare ruwa har ƙugu, na ɗora yaron a ka. Muka isa rana ta yi tsaka. Malamin magani mutum ne mai sanyin magana, sanye da kaki. Ya duba idon yaron da bakinsa, ya ja fatar cikinsa ya saki, ta tsaya ba ta koma ba. Ya zuba mini wani farin magani a kwalba ya nuna mini yadda zan ba shi. Sannan ya dube ni ya tambayi abin da na ci tun safe. Ya shiga ciki ya fito da ƙwaryar furarsa ya miƙa mini, ya ce maganin yaron yana jikina, in ban ci ba kwalbar nan ba abin da za ta yi. Na koma bayan ɗakin na shanye. Har yau ina jin kunyar yadda na shanye ta.

Da labari ya kai wa liman, ya ƙara mini awo, Ardo kuma ya aiko mini da nono ni kaɗai. Na ci duk abin da aka ba ni. Zawon ya ɗan tsaya kwana biyu, har na fara sa rai. Amma yaron ba shi da ƙarfin tsotso kuma. Nakan tatsa a ludayi Iya ta ɗiga masa da yatsa, rabi ya shiga rabi ya dawo.

Kwana biyar bayan dawowarmu, da hantsi, ina tsakiyar rabon kunu, wata maƙwabciyata ta shigo ta tsaya kusa da ni. Ta ce in ba ta ludayin, Iya na kirana. Na dubi fuskarta na miƙa mata. Ban yi gudu ba. Na tarar da Iya a gindin tsamiya ta rufe ɗana da gefen zanenta, yaran da aka riga aka kawo suna zaune suna kallonta. Ta ce, "Sai haƙuri, 'yar nan. Mai shi ya karɓi abinsa." Ta ce bai sha wuya ba, ajiyar zuciya ya yi sau biyu.

Ita ta yi masa wanka. Ba ni da farin ƙyalle a gida, sai ta sa aka jawo mata wata tukunya daga ƙarƙashin gadonta, ta fito da likkafanin da ta tanada wa kanta, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta tun idonta na gani. Ta auna da kamu ta yage gefe ɗaya. Liman ya zo da mutum uku, ya ɗauke shi a hannu kamar mai ɗauke da Alƙur'ani, suka fita. Kafin azahar sun dawo.

Washegari da safe ina kwance na ji motsi a tsakar gida. Yaran ne, sun zo da ƙoƙunansu kamar kullum, sun zauna a inda suka saba. Mata biyu sun zo za su dama, amma suna ta gardama a kan yawan ruwan, don ni kaɗai na san yadda ake tsinka shi ya isa kowa. Na tashi na ɗaura zane na karɓi muciya. Ba ƙarfin hali ba ne. Kwanciyar ce ta fi aikin wuya.

A rana ta uku nono ya zo mini. Abincin da na yi ta ci ya yi aikinsa bayan mai sha ya tafi. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, yana zuba yana jiƙa mini zane a gaban mutane. A cikin yaran da ake kai wa Iya akwai wata jaririya 'yar wata huɗu, uwarta na kwance da zazzaɓi, nononta ya ƙafe, kakarta na ɗura mata ruwan kunu. Iya ta aiko in zo. Da na zo ta miƙo mini yarinyar. Na ce ba zan iya ba. Na ce mata ko kallon yarinyar ba na son yi.

"Na sani," ta ce. "Amma da hatsin gari aka yi nonon nan. Zauna."

Na ji haushinta a ranar fiye da yadda na taɓa jin haushin wani mutum. Na zauna na karɓa, na juya kaina gefe, yarinyar ta kama. Haka na yi ta shayar da ita sau huɗu a rana har uwarta ta tashi, daga baya ma muka ci gaba tare har aka yaye ta. Ta rayu. Ta yi aure a Kurmin Kogi, ta haifi 'ya'ya da yawa, takan aiko mini da daddawa da kuka duk shekara.

Rumbun liman ya ƙare saura kwana uku a fara karya tumu. Kwanakin nan uku ruwan nono da ganye muka ba yaran. Daga nan gero ya nuna, aka fara jin ƙamshin gasa tumu a gidaje, yaran suka riƙa raguwa a tsakar gidana har ranar da ba wanda ya zo. Na wanke tukwanen na kife. A cikin yaran da suka sha kunun, biyar ba su ga kaka ba, har da nawa. A cikin tsofaffi bakwai, uku suka tafi. Makahon maƙerin ne na farko, kwana tara bayan maganar da ya yi a zaure. Maƙwabtansa sun ce sun riƙa kai masa ganye, yana cewa a ba yara.

Iya ta rayu. Yadda ta yi a sauran kwanakin ban sani ba, don ta hana ni shiga da akushi, ta ce in ta sake jin ƙamshin abinci a hannuna ba ni ba ita. Na ji an ce iyayen yaran sukan bar mata ɗan abin da suka samo a daji. Bayan girbi na koma kai mata tuwo daga nawa, ta riƙa karɓa. Ba mu taɓa tayar da maganar kwanakin nan goma sha uku ba. Ban ce ta yafe mini ba, ita ma ba ta ce in yafe mata ba. Abin da na lura shi ne ta daina karɓar haihuwa. Ko an zo an ce za a goya ta a kai ta, sai ta ce a kira wata, ta faɗi abin da za a yi daga zaune.

Maigidana ya dawo ana yankan dawa. Da rana tsaka ya shigo, da bargo a kafaɗa, ya rame har sai da na dube shi sau biyu. 'Yarmu ta ɓuya a bayana. An riga an gaya masa a hanya cewa an haifa masa ɗa kuma ya koma, amma ba a gaya masa yadda aka yi ba. Bayan ya sha ruwa ya huta, masu sannu da zuwa sun watse, na zauna na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Na shirya wa duk abin da zai ce. Tari ya tsinke masa numfashi. Da ya buɗe baki, sai ya tambaye ni da wa yaron ya yi kama. Na ce da kakarsa ta wajen uba, wajen goshi da kunne. Ya tambaya ko ya fara tafiya. Na ce rarrafe yake. Daga nan na ce ya je ya tambayi Iya, ita ta fi ni zama da shi.

Ya tashi ya tafi. Na bi shi daga baya na tsaya a bakin danga inda ba za su ji ni ba. Na ga ya durƙusa ya gaishe ta, ta shafa fuskarsa da kafaɗunsa. Sannan ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ba na jin abin da take cewa, sai dai na ga ta buɗe hannuwanta biyu tana nuna masa tsawon yaron, ta kuma nuna masa a bakinta inda haƙoran suka fito. Suna nan zaune har aka kira la'asar, ni kuwa na koma gida na ɗora ruwan tuwo.